Mai ko Furofen: Gardamar Ɗumama Gida a Ƙasar Sanyi

Idan ka ji mutane na gardama a kan abin da za su ɗumama gida da shi, wataƙila ka ce wannan ai zancen waɗanda suka ƙoshi ne. Mu a nan abin da ya dame mu shi ne zafi, da rashin wutar da za ta juya fanka. To amma akwai wuraren da sanyi ke kisa kamar yadda yunwa ke yi. Ɗaya daga cikinsu ita ce jihar Maine, can a ƙuryar arewa maso gabashin Amurka, daf da iyakar Kanada. A watan Janairun 2009 an auna sanyin da ya kai digiri 45 ƙasa da sifiri a arewacin jihar. Ko a shekarar da hunturu ya zo da sauƙi, gida yana bukatar ɗumi tun daga watan Oktoba har zuwa Afrilu. Idan wutar ɗumi ta mutu cikin dare a tsakiyar Janairu, ruwan da ke cikin bututun gida sai ya daskare, ya kumbura, ya fasa bututun, kashegari gida ya cika da ruwa. Tsofaffi da jarirai kuwa, nasu haɗarin ya fi na bututu. Saboda haka tambayar da magidanci ke yi a can, wato mai zan ƙona ko furofen, tambaya ce ta kuɗin abincin iyali da lafiyarsu.

Kafin mu yi nisa, bari mu daidaita kalmomi, tunda mu ɗaliban harshe ne kuma a nan akwai tarko. Bahaushe yana kiran man dizal da sunan gas, ko man gas, yana kuma kiran abin da ake cika tukunyar girki da shi iskar gas. To, man ɗumama gida da ake magana a kai ɗan'uwan man gas ne na jini, kusan abu ɗaya ne. A Amurka ana zuba masa jan launi domin a bambanta shi da dizal ɗin mota, saboda shi ba a biya masa harajin hanya. Furofen kuma ɗan'uwan iskar gas ne, yana ma cikin abubuwan da ake haɗa iskar girkinmu da su. Ana matse shi ya zama ruwa a cikin tanki, idan an buɗe masa hanya sai ya koma iska ya kama da wuta. Wato da za a faɗi gardamar da Hausar kasuwa, sai a ce ana zaɓi ne tsakanin gas da gas, mai sauraro ya rasa inda aka dosa. Don haka a wannan rubutu zan riƙa cewa mai da furofen. Na'urar da ke ƙona su kuwa, wadda ke zaune a ɗakin ƙarƙashin ƙasa tana dafa ruwa ko iska tana turawa ɗakuna ta bututu, zan kira ta tukunyar ɗumi.

Ba kowane Ba'amurke ne ke cikin wannan gardama ba. Yawancin gidajen birane ana jawo musu iskar gas ta bututun ƙarƙashin ƙasa, wasu kuma da lantarki suke ɗumi. Waɗanda ke zaɓi tsakanin mai da furofen su ne mutanen ƙauyuka da ƙananan garuruwa, inda bututu bai kai ba, sai dai mota ta kawo. Gidajen da ke ƙona mai ba su wuce kashi 4 cikin 100 na gidajen ƙasar ba, kuma kusan huɗu daga cikin kowane biyar nasu suna arewa maso gabas. Masu furofen sun ɗan ɗara haka, kusan kashi 5 cikin 100, kuma sun fi yawa a yankunan noma na tsakiyar ƙasar, irin su Minnesota da Wisconsin da Iowa. Maine ita ce kan gaba wajen dogaro da mai, domin kusan rabin gidajenta da shi suke ɗumi.

Ra'ayina shi ne wannan: magidancin Maine da ke da tukunyar mai mai lafiya, musamman idan mai ƙaramin ƙarfi ne, bai kamata ya tumɓuke ta ya koma furofen ba. Wanda kuma dole ta sa shi komawa, kada ya yarda ya karɓi tankin aro.

Bari mu fara da lissafi, domin a nan ne aka fi yaudarar mutane. Dukkansu biyu da galan ake sayar da su, galan ɗin Amurka kuwa lita 3.8 ne. Mutum zai ga allon farashi, mai dala kaza, furofen ƙasa da haka, sai ya ce ai ga araha. Ya manta cewa zafi yake saye, galan ma'auni ne kawai. Da wani ma'auni da ake kira BTU ake auna zafi a can. Galan ɗaya na mai yana ɗauke da BTU kusan 138,500, galan ɗaya na furofen kuwa kusan 91,500. Ke nan sai ka ƙona galan ɗaya da rabi na furofen kafin ka sami zafin galan ɗaya na mai. Kamar mai sayar da gero ne ya ce maka mudunsa ya fi araha, alhali mudun nasa ƙarami ne.

Masu tallan furofen suna da amsa, kuma amsar tasu ba ƙarya ba ce. Sukan ce tukunyarsu ta fi iya tatsar zafi. Sabuwar tukunyar furofen mai kyau tana mayar da kashi 95 cikin 100 na abin da ta ƙona ya zama ɗumi a cikin gida, ta mai kuwa kusan kashi 85, sauran ya bi bututun hayaƙi ya tafi. To mu ba su wannan, mu sake lissafi. Mu ɗauka, alal misali, gida yana ƙona galan 800 na mai a shekara. Idan aka cire asarar hayaƙi, zafin da ya shiga ɗakuna ya kai BTU miliyan 94. Kafin tukunyar furofen ta samar da wannan zafi, sai ta sha galan kusan 1,080. Yanzu mu ƙaddara mai dala 3.50 ne galan, furofen kuma dala 3. Mai mai zai biya dala 2,800 a shekara, mai furofen zai biya kusan dala 3,250. Wanda ya ga araha a kan allo shi ne ya biya ƙarin dala 450. Farashin da na kawo misali ne kawai, amma ƙa'idar tana nan ko yaya kasuwa ta juya: sai furofen ya sauko ƙasa da kashi uku cikin huɗu na farashin mai kafin a yi kunnen doki. A jihohin noma na tsakiyar ƙasar, inda furofen ke kusa da inda ake tara shi, yakan sauko haka har ya wuce. A arewa maso gabas, inda sai an ɗauko shi daga nesa a jirgin ƙasa da manyan motoci, ba kasafai yake saukowa haka ba. Kuma duk wannan lissafi ba mu sa kuɗin sabuwar tukunya da cire tsohon tanki da jan sabon bututu ba, wanda dubban daloli ne.

Amma abin da ya fi damuna ya wuce lissafin galan. Shi ne maganar wane ne mai tanki.

Tankin mai, wanda yawanci ke cin galan 275, na maigida ne. Yana ɗakin ƙasa kusa da tukunya. Idan mai ya yi ƙasa, maigida zai ɗauki waya ya tambayi dillalai uku ko huɗu, ya saya a wurin wanda ya fi sauƙi. Idan wannan ya ɓata masa rai bana, baɗi ya kira wani. Tankin furofen kuwa a waje ake girke shi, babba ne, na gida sau da yawa galan 500 ne, kuma ba a cika shi fiye da kashi 80 cikin 100 domin a bar wa iskar wurin kumbura. Yana da tsada, don haka yawancin mutane ba sa saye. Kamfanin da ke sayar da furofen shi ke kawo nasa ya girke, wani lokaci kyauta, wani lokaci da ɗan kuɗin haya. Daga ranar da aka girke shi, a jihohi da dama doka ta hana wani kamfani ya cika tankin da ba nasa ba. Dalilin dokar na tsaro ne, kuma yana da ma'ana, domin a san wanda ke da alhakin kula da tankin. Sai dai sakamakonta a aljihun maigida shi ne ya zama ɗaurarre. Farashin da aka ba shi a shekarar farko domin a janyo shi ba lallai ne ya sake ganinsa ba. Idan ya ce zai sauya kamfani, sai a zo a zuƙe abin da ya rage, a ɗaga tankin, wani ya kawo nasa, kuma a yarjejeniyoyi da yawa kowane mataki da kuɗinsa. Akwai ma inda ake cin mutum tara idan bai ƙona adadin da aka ƙayyade masa a shekara ba, wato a hukunta shi saboda ya yi tattali. Ga shi kuma a kasuwar furofen, wanda ke saye kaɗan ya fi biyan tsada a kan kowane galan. Koke-koken sun yi yawa har jihar Vermont, maƙwabciya a yankin, ta kafa ƙa'idoji na musamman a kan irin kuɗaɗen da dillalan furofen za su iya karɓa. Hausawa sun daɗe da cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Yanzu ka dubi talaka a tsakiyar hunturu, ranar Juma'a da yamma, allurar tanki ta kwanta, albashi kuma sai mako mai zuwa. Dillalan mai yawanci ba sa fitowa a kan abin da bai kai galan 100 ba, shi kuma ba shi da kuɗin galan 100. Amma yana da mafita. Zai ɗauki jarka biyu ya tafi gidan mai, ya sayo dizal ko kananzir galan goma, ya zuba a tankinsa, tukunya ta ci gaba da ci har Litinin. Ya fi tsada a kan kowane galan, amma yara sun kwana da ɗumi. Mai furofen ba shi da wannan ƙofa. Ba a zuba furofen da jarka. Idan kuma tankinsa ya ƙare ƙaf, ƙa'idar tsaro ta ce sai ma'aikaci ya zo ya gwada bututun ya tabbatar babu yoyo kafin a sake kunna wuta, kuma wannan zuwan galibi da kuɗi ne, balle a ce cikin dare ko ranar hutu. Wanda ke da ajiya a banki, motar kamfani na zuwa ta cika masa tanki kafin ya tuna, ba zai taɓa jin wannan bambanci ba. Shi ya sa ba a cika ganinsa a takardun talla ba.

Kada mai karatu ya ɗauka na rufe ido ga laifin mai. Yana da shi da yawa. Farashinsa yana bin kasuwar ɗanyen mai ta duniya, duk inda aka yi tari a can sai aljihun tsohuwa a Maine ya yi atishawa. Bayan Rasha ta mamaye Yukiren a 2022, galan ɗin man ɗumama gida ya haura dala 5, abin da ya jefa dubban iyalai cikin zaɓi tsakanin ɗumi da cefane. Gwamnatin Amurka ta san da wannan rauni tun da daɗewa. A shekarar 2000 ta kafa rumbun ajiyar man ɗumi na arewa maso gabas, ganga miliyan 2, daga baya a 2011 ta rage shi zuwa miliyan 1. Furofen kuwa yawancinsa a cikin gida ake samar da shi, daga wuraren tace iskar gas, har Amurka ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi. A kan wannan hujja masu goyon bayansa ke cewa farashinsa ya fi zama wuri ɗaya.

Sau da yawa haka ne. Amma a tambayi manoman Minnesota abin da ya faru a hunturun 2013 zuwa 2014. A kakar 2013 an sami masara mai yawa, kuma ta zo da danshi, sai aka ƙona furofen mai ɗimbin yawa wajen busar da ita. Ana cikin haka wani bututun da ke kawo furofen daga Kanada ya tsaya domin gyara, jiragen ruwa kuma na ta lodi zuwa ƙasashen waje. Sai ga sanyi mai tsanani ya sauko a watan Janairu. Galan ya kai wajen dala 4, a wasu wurare ya wuce, dillalai suka koma ba da rabin oda, gwamnoni da dama suka ayyana dokar ta-ɓaci. A irin wannan rana mai tankin aro ba shi da inda zai juya, sai abin da kamfaninsa ya ga dama ya kawo.

Ta fuskar tsafta, furofen ya yi nasara, babu musu. Ba ya barin kunkunniya a tukunya, ita kuwa tukunyar mai sai an kira mai gyara kowace shekara ya share ta, ya sauya mata matata da bakin feshi. Hayaƙin kabon da ke ɗumama duniya ma na furofen ya fi sauƙi, kusan kilo 63 a kan kowane BTU miliyan ɗaya, na mai kuma kusan kilo 74. Ragi ne, amma ba mai yawan da zai sa a kira furofen maganin sauyin yanayi ba. Bugu da ƙari, tankin mai yana tsatsa daga ciki, inda ido ba ya gani. Idan ya huje, mai ya malale a ɗakin ƙasa ko ya shige ƙasa ya kai rijiya, kuɗin tsaftacewa yana iya fin ƙarfin maigida, kuma ba kowace inshora ce ke biya ba. Furofen idan ya zuba ba ya gurɓata rijiya, iska ce. Sai dai iska ce da ta fi iskar shaƙa nauyi, takan kwanta a ƙasa ta taru a lungu. Ba ta da wari nata na kanta, shi ya sa ake haɗa mata wani sinadari mai ɗoyi domin hanci ya faɗakar. A watan Satumban 2019, a garin Farmington na jihar Maine, furofen ya yoyo daga bututun ƙarƙashin ƙasa ya taru a wani gini, ya fashe ya rusa ginin, ya kashe jami'in kashe gobara ɗaya, ya raunata wasu. Irin wannan ba ya faruwa kullum, miliyoyin gidaje suna amfani da furofen lafiya lau. Na kawo shi ne domin a ga cewa kowane ɗaya da irin nasa haɗarin. Mai yana da wuyar kamawa da wuta idan yana sanyi, amma yana ɓata ƙasa. Furofen yana barin ƙasa da tsafta, amma ba ya yafe sakaci.

Akwai inda ni ma zan zaɓi furofen. Wanda ke gina sabon gida, ko wanda tukunyarsa ta tsufa har tana zubar da kashi 30 cikin 100 na zafi, tankinsa kuma ya fara gumi, dama kuɗi zai kashe ko ta ina, don haka lissafinsa daban ne. Haka wanda ke son abu ɗaya ya yi masa girki, ya dafa ruwan wanka, ya busar da tufafi, ya kuma tayar da janareta idan dusar ƙanƙara ta karya turakun lantarki. Mai ba ya yin duk waɗannan. Haka kuma mai gidan da ba shi da ɗakin ƙasa, wanda tankinsa ke waje, domin mai yakan yi kauri ya toshe bututu idan sanyi ya tsananta, dole ya koma kananzir mai tsada. Furofen kuwa yana ci gaba da zama iska har zuwa digiri 42 ƙasa da sifiri. Ga duk waɗannan, shawarata ɗaya ce: su ciji yatsa su sayi tankin ya zama nasu, ko da bashi ne, su riƙe takardar mallaka. Da ita ce kawai za su iya cewa dillali, an gode, zan gwada wani.

Akwai kuma abin da dillalin mai da dillalin furofen duka ba sa son a tayar. Yawancin gidajen Maine tsofaffi ne, na katako, iska na shiga ta ƙarƙashin ƙofa da gefen taga, zafi na fita ta rufi. Ɗumama irin wannan gida kamar ɗibar ruwa da kwando ne. Dubban dalolin da za a kashe wajen sauya tukunya, da an sa wani kaso nasu wajen toshe kafofi da shimfiɗa abin riƙe zafi a saman silin, da an rage galan ɗin da ake ƙonawa kowace shekara, ko da wane iri ake ƙonawa. Sannan ga na'urar janyo zafi, wadda take kamar iyakwandishan da aka juya masa baya: tana tatso ɗan zafin da ke cikin iskar waje ta tura shi ɗaki, da lantarki take aiki, kuma zafin da take bayarwa ya ninka wutar da take ci sau biyu ko uku. A 2019 Gwamna Janet Mills ta sa wa jihar burin girke irin wannan na'ura guda 100,000 kafin 2025, aka cim ma burin tun 2023, sai ta ƙara wasu 175,000 zuwa 2027. Abin da iyalai da yawa suka yi shi ne suka girke na'urar a falo, suka bar tsohuwar tukunyar mai tana jiran darare masu tsananin sanyi. Wanda ya yi haka, man da yake ƙonawa ya ragu ƙwarai, kuma tunda tankin nasa ne, babu mai cin sa tara don ya saya kaɗan. Da furofen na aro ya koma, da raguwar sayensa ce za ta ɗaga masa farashin galan.

Ɗan haya ne kawai ba ya cikin duk wannan zaɓi, kuma a cikin 'yan haya ne ake samun ɗalibai da baƙi 'yan Afirka da ke zaune a garuruwa irin su Portland da Lewiston. Shi mai gida ne ya zaɓa masa tukunya da tanki tun kafin ya zo. Abin da ya rage masa shi ne ya tambaya kafin ya sa hannu: ɗumi yana cikin kuɗin haya ko ni zan biya, galan nawa aka ƙona bara, kuma tankin na wane ne? Idan kuɗin shigarsa kaɗan ne, akwai tallafin ɗumi na gwamnatin tarayya da aka kafa a 1981, wanda jihohi ke rabawa. Layinsa yana da tsawo, don haka tun kafin sanyi ya sauko ake cike takarda.